Ankon da Muka Hau Dutse da Shi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu nan Beltsville, a ƙasar Turawa, muna lafiya, sai dai lafiyar ta zo mana ne bayan mun ga abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. A shafina na intanet zan sa ta, waɗanda suka saba ganin hotunan ɗinkina su karanta, amma da ke nake magana. Ban ga wanda zan iya faɗa wa wannan ba, in ba wadda ta fara ɗora ƙafata a kan keken ɗinki ba.

Inna, saura ƙiris in rasa takwararki. Walida nake nufi, wadda muka sa wa sunanki, wadda kika goya lokacin da muka zo gida Kano tana rarrafe. Yanzu ta fi ni tsawo. Abin da ya kusa kashe ta kuwa riga ce, kuma ni na ɗinka ta da hannuna. Tana raye, tana cin abinci, tana zuwa makaranta. Amma bayan Allah ya dawo min da ita, sai wani tsoron ya kama ni, cewa zan rasa ta ta wata hanyar alhali muna gida ɗaya.

Dole in fara da abin da zai fi ba ki mamaki. 'Yarki Hadiza, wadda ko tsanin soro ba ta hawa sai an riƙe mata, yanzu wasan zamiya take yi a kan dusar ƙanƙara. In sanyi ya kama a nan, dusar kan rufe duwatsun da ke yamma da mu, su yi fari fat. Sai mutane su ɗaura wasu dogayen alluna biyu a ƙafa, su riƙe sanduna, a kai su can ƙololuwa, su sulalo ƙasa da gudu. Ba kora ake musu ba, ba kuma abinci suke nema ba. Na san da kina nan, sai kin riƙe haɓa kin ce a kira malam ya duba ni.

Ni ma ba da niyya na shiga ba. Makarantar su Walida ce ta shirya kai yara, aka ce ana son iyaye su raka. Na bi su don in riƙe jaka da flas ɗin shayi.

A lokacin, ni da Walida mun zama kamar 'yan haya. In na yi mata Hausa, sai ta ba ni amsa da Turanci, gajeriya, idonta a kan waya. Kayan da nake ɗinka mata kuwa, tun tana firamare ta daina sawa, ranar da wata 'yar ajinsu ta tambaye ta ko labulen gidansu aka yanka mata. Ni ina ɗinka duk abin da zan sa, daga na zaman gida har na fita aiki, mutane na tsayar da ni a jirgin ƙasa suna yabawa, amma 'yar cikina ba ta ko kallo. Ban taɓa faɗa mata ba, amma abin yana min ciwo sosai.

Ranar ina zaune a gindin dutse ina rawar sanyi, ta sulalo ta tsaya a gabana, ta ce ai ta san ni ba zan iya ba. Kin san halina, ba a ce min ba zan iya ba. Na tashi na je aka ɗaura min allunan. Inna, na sha faɗuwa. Na faɗi ta gaba, na faɗi ta baya, na faɗi ina tsaye ban ko motsa ba. Ita tana dariya har da riƙe ciki, tana miƙo hannu tana ɗaga ni. Rabon da ta kama hannuna da kanta, tun ina tsallakar da ita titi.

Kafin sanyin shekarar ya ƙare, na iya. Kuma in faɗa miki gaskiya, na so abin. Iska na dukan fuskarki, babu abin da kike ji sai ƙarar allunan a kan dusa, duk wani tunanin aiki da na gida ya tsaya a baya.

Amma ba gangarowar ce ta fi min daɗi ba, hawan ne. Akwai wata kujera da ke rataye a jikin kakkaurar waya, ita ke ɗaukar mutum daga ƙasa zuwa sama, ƙafafu na reto a iska. Lilo muke ce mata. A kan lilon nan babu damar ciro waya, hannu na cikin safa, ga tsoron kada ta faɗi. Sai Walida ta buɗe baki. A nan na san sunayen ƙawayenta, a nan na ji wane malami take tsoro, a nan ta taɓa tambaya ta yaya muryarki take. Abin da na kasa samu a falona, a saman waya na same shi.

Matsalata ɗaya, kayan wasan. Wando ne da 'yar riga iya ƙugu. Na sa na tsaya gaban madubi, sai na ji kamar kina bayana kina gyaran murya. Na je na samo wani yadi mai santsi da ruwa ba ya shiga, na ɗinka riga iya gwiwa, na yi mata tsaga hagu da dama, nake ɗorawa a kan kayan. Na yi shekaru ina hawa da ita, ko sau ɗaya ba ta ba ni matsala ba.

Sai bana. Akwai ƙawata Hajiya Balki, 'yar Maraɗi ce, tana zaune a garin Manassas kusa da mu, tana sayar da atamfa a gidanta. Mace ce mai son taro, ba ta da mugun nufi ko kaɗan. Ta ga hotona a kan dutse ta kira ni, ta ce: "Hadiza, ke kaɗai za ki riƙa cin wannan daɗin? Wallahi mu ma za mu je, kuma anko za mu yi, a san matan Hausawa sun hau dutse."

Ta kawo atamfar, ja da ruwan ɗorawa, mai manyan furanni. Da na shimfiɗa ta, na ga in aka yanke iya gwiwa, furen zai rabu biyu. Matan ma suka ce riga iya gwiwa ai ba anko ba ce, doguwa suke so har idon sawu, mai faɗin ƙasa, yadda za ta fito a hoto. A cikinmu ni kaɗai na san dutsen, ni ya kamata in ce a'a. Ban ce ba. Ni ma na hango jan nan a cikin farar dusa, raina ya biya.

Ina kan keke Walida ta leƙo. Ta tsaya, ta shafa atamfar, ta ce da Hausarta mai karkata: "Mama, ni ma a yi min." Inna, ban san lokacin da ƙafata ta tsaya ba. Na yi kamar ba komai, na ce to, kada ta ga murnata ta fasa. Tana fita na share hawaye da ƙyallen atamfar.

Kin tuna ranar da kika dawo daga suna a Yakasai ranki a ɓace, saboda hannun rigar wata ya ɓalle a tsakar gida? Ba ma ke kika ɗinka ba, amma kika yi ta maganar har muka gaji. Tun ranar, duk abin da na ɗinka sai kin ja shi da hannu biyu, ki ce: "Bi shi sau biyu, Hadiza. Ba na son a ce rigar da ta fita daga ɗakin nan ta yage a cikin mutane." Ban taɓa saɓa wannan ba, ko a ƙyallen goge tebur.

To rigar Walida, na zuba mata duk abin da na iya. Na yi mata shafi da yadin nan mai santsi don kada ta jiƙa. Kowane ɗinki na bi shi sau biyu. Kalmasar ƙasa kuwa, saboda gefen allunan yana da kaifi, har wata ɗamara mai ƙarfi na sa a ciki, irin wadda ake yi wa jakar makaranta. Da na gama na ja ta da hannu biyu kamar yadda kike yi, ko gezau.

Ranar muka tafi da hantsi, mota bayan mota. Muna fitowa ido ya dawo kanmu. Turawa na tsayawa suna tambaya ko biki ake yi, Hajiya Balki har da guɗa. An zo da dambun nama da fanke da kunun gyaɗa a flas. Da aka zo batun ɗaura alluna, kowacce ta tuna tana da ciwon gwiwa. Suka shige ɗakin shan ɗumi, aka bar ni da Walida. Ku da kuka ga hoton da na sa a ranar kuka yi ta yabawa, daga shi zuwa abin da ya faru, ko azahar ba a kai ba.

A bakin lilo akwai gargaɗi a rubuce, kada a hau da abin da ke reto. Na karanta. Hankalina ya tafi kan mayafi, na cusa nawa da nata cikin riga, muka ɗora hular kwano, na ɗauka na gama. Ma'aikacin wurin ma ya ce mu tattare rigunanmu, muka tattare a kan cinya. Muka hau muka sauko, muka sake hawa muka sauko, rigunan na kaɗawa a bayanmu. Ban taɓa ganin Walida da fara'a irin ta ranar ba.

Bari in faɗa miki yadda ake sauka, don ki gane. In lilo ya kai sama, akwai ɗan tudu da ƙafarki za ta taɓa. Sai ki miƙe ki sulale gaba. Ita kujerar ba ta tsayawa, za ta zagaye wani ƙaton ƙarfe ta juya, ta kama hanyar ƙasa babu kowa a kanta.

Na miƙe na sulale. Na waiwaya in yi mata magana, babu Walida a gefena.

Bayan rigarta ne ya zurma tsakanin mazauni da ƙarfen kujera, kalmasar ta maƙale. Mun tattare gaba, ba mu san baya ya zame ba. Kujerar ta fizge ta, ta kayar da ita, tana jan ta a ƙasa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, ya Allah ka sa rigar ta yage. Ina faɗa, ina sane da cewa ba za ta yage ba. Duk dutsen nan babu wanda ya fi ni sanin abin da ke cikin kalmasar.

Mai kula da injin ya danna abin tsayarwa. Amma kafin lilon ya tsaya, kujerar ta riga ta juya, tudun ya ƙare. Walida na rataye a iska, tsayin bene guda, ƙarƙashinta ƙanƙara daskararriya kamar siminti. Rigar ta tattaru ta haye ƙirjinta, ta shaƙe ta ta ƙarƙashin hammata. Allon ƙafarta ɗaya ya cire ya faɗo, na ji ƙarar saukarsa.

Inna, bakin da ya ce ta yage, shi ne ya koma yana cewa ya Allah kada ta yage. Ko numfashi ban sauya ba tsakanin addu'o'in biyu.

Na ji atamfar ta fara ƙara. Ta tsage ta gefe, tsagar na tafiya ina kallo, ta zo kan ɗinki ta tsaya.

Ba ta yi ihu ba, don babu numfashin yi. Ido kawai ta zuba min. Na yunƙura in ruga, na manta da alluna a ƙafata, na kifa. Da rarrafe na ƙarasa bakin tudun. A nan na yi abin da ban taɓa yi ba tunda kika haife ni. Na kira sunanki. Sunanki na yanka, wanda don kada in furta shi muke ce mata Walida. Na kira shi da duk ƙarfina a gaban mutane, na sake kira. Ban sani ba ko ita nake kira ko ke.

Masu ceton wurin suka iso da jajayen riguna. Wasu suka riƙe katifa a ƙasa, aka kafa tsani, ɗaya ya hau ya ɗaura mata igiya. Ya ciro wuƙa ya sa wa rigar. Sai da ya yi ta gurzawa kafin kalmasar ta rabu. Ba zan iya ce miki an daɗe ko ba a daɗe ba. Na dai san lokacin da suka sauko da ita, leɓenta ya yi toka-toka, amma tana numfashi.

Wanda ya yanke rigar dattijo ne mai furfura. Ya juya guntun a hannunsa, ya tambaya wa ya ɗinka. Walida ta nuna ni da ido, ta kau da kai. Ya ce min, ba da faɗa ba, rigar ce ta kama ta, kuma rigar ce ta hana ta faɗowa. Ya ce nan gaba a rage tsawo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ita a kwance aka sauko da ita. Ni ma sai ɗauko ni aka yi. Muna isa gindin dutse na hango mata sun fito a guje, duka cikin atamfar nan, ja da ruwan ɗorawa ta ko'ina. Na tuɓe tawa a nan tsaye, cikin sanyin, na jefar.

A asibiti aka ce haƙarƙari ɗaya ya tsage, ga jini ya kwanta ya zagaye ƙirjinta. Babanta ya baro aiki ya same mu. Bai yi faɗa ba, ya ce Allah ya kiyaye gaba kawai. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Hajiya Balki ta zo gida da tukunyar farfesu tana kuka, wai laifinta ne. Na ce mata ba ita ta riƙe almakashi ba. Wasu kuma na ji suna cewa me ya kai uwar 'ya'ya kan dutse tun farko. Waɗannan ba na neman shawararsu.

Zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. Na yi fushi da ke. Ina wanke-wanke ina ce miki, da ba ki koya min haka ba, da rigar ta yage tun tana ƙasa, da ta tashi ta kaɗe jikinta muna dariya. Kafin in ɗauraye kwano, sai in tuna tsagar nan da ta zo kan ɗinki ta tsaya, sai in kama gode miki ina kuka. Ki yafe min fushin, ban san inda zan kai shi ba ne.

Na rufe keke da zani, na tura shi lungu. Walida ta koma ɗakinta. Abinci a ciki, ƙofa a rufe, amsa da Turanci, gajeriya. Ko sau ɗaya ba ta ambaci dutsen ba, ba ta ambaci rigar ba. Na ce shi ke nan. Sau ɗaya yarinyar nan ta roƙe ni in ɗinka mata abu, na ɗinka mata abin da ya rataye ta. Ba za ta sake yarda da hannuna ba, ba kuma za ta sake zama kusa da ni a kan lilo ba. Ina wucewa ta ƙofarta in ɗaga hannu in ƙwanƙwasa, sai in sauke.

Jiya Asabar da hantsi ina kicin, na ji ana jan abu a falo. Na fito, na ga ta jawo keken tsakiyar ɗaki, ta yaye zanin. Tef ɗin awo na rataye a wuyanta, tsohuwar rigata ta iya gwiwa a hannunta. Likita ya hana ta hawa sai baɗi, ta sani, na sani. Ta miƙo min tef ɗin, ta ce: "Auna ni, Mama. Irin taki nake so." Na tambaye ta ko ba ta jin tsoro. Ta ce tana ji, har mafarkinsa take yi, amma ba za ta hau da kowa ba sai ni.

Ta tsaya ta buɗe hannuwa. Na auna kafaɗa, na auna tsawo, na tsaya daidai gwiwa. Da na zo ƙirji, 'yar shimin da ke jikinta ta ja, na ga shatin. Yana nan baƙi, ya zagaye ta, kuma daidai inda tef zai bi. Tef ɗin ya suɓuce daga hannuna. Na ɗauka, ya sake suɓucewa. Sai ta kama bakinsa da kanta, ta ɗora a kan ciwon, ta danne da yatsa, ta ce in zagayo da sauran. Na zagayo. Ban ga lambar ba saboda hawaye, ita ta karanta min.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya kai haske kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ya raya takwararki, ya tsare ta daga abin da ido ke gani da wanda ba ya gani, ya tsare ta har daga kuskuren uwarta. Ya haɗa fuskokinmu a inda babu rabuwa. Amin.

'Yarki mai kewarki kullum,
Hadiza